Sarewar da Aka Gyara

A unguwarsu Ɗan Dako ake ce masa, kuma matarsa ce ta laƙaba masa sunan. In zai fita wasa sai ya saɓa jita a baya, goge a hammata, 'yar ganga a kafaɗa, ka rantse mai gidan haya ne ya kore shi. Duk yana kaɗa su, waƙoƙin ma nasa ne, na manoma da direbobi da matan da suka gaji da jira. Sun kai shi ƙasashen da ko gaisuwarsu bai iya ba, ya dawo da hotuna da ciwon baya.

Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi da masu situdiyo. Kowa da na'ura yake daidaita tsirkiyarsa, shi kuwa da muryar matarsa. Tela ce. In tana taka keke takan riƙa jan wata murya ta hanci, ba waƙa ba ce ma, sauti ɗaya ne tal, sai ya zauna a bakin ƙofa yana ɗaure tsirkiya har ta hau kan muryar nan. Masu situdiyo su ce sautinsa ya yi ƙasa, ya ce na'urarsu ce ta yi sama. Da ya ba da baya sai su ɗaga sautin a kwamfuta, shi ya sa babu faifansa ko ɗaya da ya fito yadda ya kaɗa shi.

Saboda tafiye-tafiye ya yanko gora ya yi sarewa, ya huda ramukan ɗaya bayan ɗaya, tana jan muryar yana aunawa. Ta daɗe tana tsokanarsa, wai mazan mutane da hoton matansu suke tafiya, shi da hancinta.

Ciwonta bai ja lokaci ba. Bayan an share makoki ne ya tuna ba a taɓa ɗaukar muryarta ba, don ko wasa ba ta yarda. Tsirkiya kuwa zafi ya sake ta, sanyi ya ɗame ta; sarewar ce kaɗai ba ta motsi. Kullum da safe sai ya busa ta kusa da keken da aka lulluɓe, ya daidaita sauran kayan, ya jingine su. Ya daina fita wasa. Abin tausayi, ta nan kawai yake jin matarsa.

Ana haka gorar ta tsage, ya naɗe ta da zare. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya da ke leƙo shi ƙarshen mako, ta ga zaren ranta ya sosu. Ba ta gaya masa ba, ta kai wa wani gwanin gyara a kasuwa. Kafin ya gama birkice ɗaki da nema, sai ga ta da fara'arta. Ta ce mai gyaran ya like tsagar, kuma da ya ga ramukan duk sun kauce, ya toshe wasu ya faɗaɗa wasu, yanzu ta yi daidai da na'ura.

Ya karɓa ya busa. Sauti ya fito tas, irin na kowace sarewa. Ya sa mata albarka, ya ajiye sarewar gefe, sai ta gane akwai abin da ta ɓata.

"Zauna nan," in ji shi. "Ɗan ja mini muryar nan da mahaifiyarki ke ja a kan keke."

Ta zauna ta ja, ta sake ja ƙasa kaɗan, hawaye na zubo mata. Shi da ke tsayar da makaɗa goma don tsirkiya ɗaya ta kauce, ya runtse ido yana saurare.

"Haka ne, Baba?"

Ya buɗe ido ya dube ta.

"Ban sani ba, 'yata."