Na'urar da Uwar Biyu ta gwada a haɓarta

Shekara goma sha shida Uwar Biyu ta yi tana gyaran gira da wankin fuska a shagon wata mata. A bayan labulen shagon ta san abin da mata ba sa faɗa a cikin taro, wato gashin haɓa. Ita ma tana da shi tun haihuwar tagwayenta. Ta tsige da hantsaki yau, bayan 'yan kwanaki ya dawo kamar an aiko shi.

Tana da shekara arba'in da uku ta shiga koyon cire gashi da allurar lantarki. Siririyar allura ake zurawa ta ramin gashin har saiwa, a saki wuta kaɗan, saiwar ta mutu. Wata takwas tana zuwa aji, maigidanta yana tsokanarta.

"Uwar Biyu, in kin ƙware ki fara da gemuna, na gaji da reza."

"Naka sai injin yankan ciyawa," in ji ta.

Da ta karɓi takardar shaida, sai ta ja yayarta zuwa shagon kayan gyaran jiki a hawa na biyu na wani bene a kasuwa. Mai shagon ya ɗora na'ura biyu a kan tebur. Ɗaya fara ce fat, mai allon taɓawa, da zafi take ƙona saiwa cikin ƙiftawar ido. Ɗayar ruwan toka ce, ba ta da fasali, maɓallan murɗawa biyu da abin takawa da ƙafa, tana aiki a hankali.

"Hajiya, farar ake yayi," in ji shi.

Uwar Biyu ta duba su duka biyun. Ta tambaye shi iya inda za a iya rage wutar kowacce, da inda ake samun allurarsu, da wanda zai gyara in ta lalace. Ya amsa biyu, na ukun sai da ya buga waya.

"Malam, fatar matan da zan yi wa aiki irin tawa ce. Zafi ya ɗan yi yawa, sai baƙin tabo. Ka jona min su in gwada."

"A jikin wa?"

Ta nuna haɓarta. Yayarta ta riƙe baki.

"Ke dai ba ki da dama! Fuskar taki za ki mayar wurin gwaji?"

"Yaya, in ba zan iya sa ta a tawa ba, a ta wa zan sa?"

Ta fito da safar hannu da sababbin allurai daga jakarta, Yaya ta riƙe mata madubi tana kau da kai. Gashi biyar a hagu da farar, biyar a dama da mai ruwan tokar. Idonta ya kawo ruwa, amma ta ci gaba. Ta gama ta ce sai bayan mako biyu za ta zaɓa.

"Kina iya tarar da an saye," in ji mai shagon.

"To, rabon wani ne."

Bayan mako biyu, ɗigo biyu baƙaƙe suka fito a hagu, dama kuwa tas. Ta faɗa wa mai shagon gaskiya, wataƙila ba laifin farar ba ne, hannunta ne bai kai saurinta ba. Amma da hannun da take da shi za ta yi aiki. Ta ɗauki mai ruwan tokar, ta haɗa da fitila mai gilashin ƙara girma.

Ɗakin ajiya na gefen gidansu ta kwashe, ta yi fenti, ta sa gado kusa da taga. Wadda ta fara zuwa malamar makaranta ce, tana magana hannunta a kan haɓa.

"Zuwa nawa zan yi?"

"Ba zan ɓoye miki ba, Malama, zai iya kai shekara. Gashin ba tare yake fitowa ba."

Malamar ta cire takalmi ta hau gadon.

"Shekara ashirin ina fama. Bismillah, fara."

Wata goma sha huɗu ta yi tana zuwa. A zuwanta na ƙarshe ta taho da ƙanwarta.