Uku da Gyara: Shekara Biyar Bayan Yaya Habu

Shekara biyar ke nan da aka rufe yayana Habu. Ya rasu da kakar shekarar da aka samu mulkin kai, ana ta kiɗa a Makarfi, 'yan makaranta na yawo da tutoci. Wanda ya halarci jana'izarsa ya gaya mini masu sallar ba su cika sahu guda ba. Ni ina Kudan, ɗakin mijina. Sai da aka yi sadakar uku labari ya iso ni, a bakin wata mai tallan daddawa.

Ban yi makaranta ba. Ɗan abin da nake rubutawa a ajin yaƙi da jahilci na mata na tsinta, don haka masu karatu ku yi mini afuwa in magana ta karkace. Na daure ne na rubuta saboda shiru ya ishe ni, kuma ina da 'ya.

Yaya Habu maɗinkin hula ne a ƙauyenmu, can ƙasar Ikara. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa sun san kansu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba, ni ce auta. Duk wanda ya san ɗinkin hula ya san gida biyu ne: jikin da ke kewaye kai, da saman nan zagayayye da ake rufewa da shi. Mutum ya zo, Yaya ya zagaya masa zare a kai, ya ƙulle daidai inda bakin ya haɗu. To wajen yanka saman hular ne ya lura da abin da ya zame masa ajali. In ya ɗauki zaren kewayen ya shimfiɗa a kan faɗin saman, ta tsakiya, sai ya tafi sau uku, ɗan guntu ya rage. Hular yaro, hular ƙato, duk haka. Wannan guntun shi ya sa wa suna gyara, irin wanda mai awo ke ƙara maka a kasuwa bayan ta cika mudu.

Ina yarinya ni ce mai riƙe masa bakin zare. Mun auna faifan Inna, mun auna bakin tulu, murfin tukunya, turmi, har warwaron hannuna. Kowane aka gwada, uku da gyara. Ya kan ce da ni, "Auta, kin ga? Mai awo takan hana gyara in ranta ya ɓaci. Allah kuwa bai taɓa yin zagayayyen abu ya hana shi gyara ba."

Da a nan ya tsaya da yanzu yana raye, ko kuwa dai ya mutu da mutuncinsa. Amma sai ya ɗauki gyaran nan ya riƙa jera shi a kan faɗin, ya ga ya shiga sau bakwai, sai wani ɗan ƙiris ya sake ragewa, bai fi kaurin farce ba. Ya ce wannan gyaran gyara ne. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, shi ma wannan in an jera shi zai ƙare cif, ko wani zai kuma ragewa? A kan hula ba ya ganuwa, sai a kan babban abu. Ya murza igiyar rama mai tsawo, ya shiga auna rumbunan mutane, da ɗakunan kago, da bakin rijiyar gari. Da rani ya kan kafa turke a masussuka, ya ɗaura igiya, ya zana zobe a ƙasa wanda ya fi ɗaki biyu faɗi, ya durƙusa yana bi. Yau ya ce ƙiris ɗin ya shiga cikin gyara sau goma sha biyar, gobe ya ce sha shida, ya ɗora laifin a kan igiya, wai ta sha raɓa ta miƙe. Kowane awo ya gama sai ya ƙulle zarensa ya rataye a ɗaki, don ya kwatanta da na gaba.

Da fari dariya ake yi masa. A majalisar mahauta wani ya ce, "Habu, yau kan wa za a auna, na jaki?" Ya ce, "Miƙo naka, ai duk ɗaya ne, uku da gyara." Aka kwashe da dariya har da tafawa. Wanda aka mayar wa maganar, Tanko, maƙwabcinmu ne, zana ɗaya ta raba mu. Shi ma ya yi dariya a ranar.

Akwai kuma wani malami a unguwarmu, mai littattafai, wanda ya san hisabi. Shi ya gaya wa Yaya cewa magabata sun rubuta wannan abu tun da daɗewa, uku da subu'i suke ce masa, wato uku da kashi ɗaya cikin bakwai, kuma su ma sun ce kusa ne ba daidai ba. Na tuna ranar da Yaya ya dawo daga zauren malamin. Ko tuwo bai iya ci ba don murna, wai ashe ba shi kaɗai ba ne a duniya. Malamin da kansa ya taɓa riƙe masa igiya a bakin rumbunsa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ana nan da bazara, ciwon nan mai sanƙarar da wuya ya shigo gari. Ɗan Tanko, Ɗanlami, yana da kamar shekara shida, ya kwanta. Kafin nan da 'yan kwanaki Yaya ya auna kansa, zai ɗinka masa hular Sallah kyauta, saboda maƙwabtaka. Zazzaɓi ya hau wa yaron kai, ya riƙa sambatu yana cewa, "Baba Habu, cire mini zaren." Shi ke nan. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Habu maye ne, ya kama kurwar yaro. Aka ɓalle ƙofar ɗakinsa aka tarar da zaruruwa rataye, kowanne da ƙulli. Wa bai san abin da ake faɗa kan masu ƙulle-ƙulle ba? Nan take kowa ya tuno nasa. Wannan ya ce tun da aka auna rumbunsa gara ta shiga. Waccan ta ce tun da aka zagaya rijiya ruwa ya ja baya, kamar ba kowace bazara yake ja ba. Har wasan majalisar mahauta aka tono, Tanko ya ce tun ranar Habu ya nemi kansa.

Aka jawo Yaya tsakar gidan Tanko. Aka tuɓe shi, babban mutum mai gemu, gaban mata da yara, gaban uwar da ta haife shi. Aka ce ya tsallaka yaron sau uku, ya kuskure baki a ba yaron ya sha, don kurwar ta koma. Ina leƙe ta ɓular zana. Yana ta cewa, "A kira Malam, ya san abin da nake aunawa, a kira Malam." Aka aika. Ɗan aiken ya dawo ya ce Malam ya ce yana lazimi. Har yau in na ji an ce wane masani ne, zauren nan nake tunawa da asabarinsa a sake.

Yaya ya tsallaka. Ɗanlami kuma ya warke. Ina roƙon Allah gafara, amma warkewar nan ita ta kashe yayana. Da yaron ya mutu, da an ce ya cinye shi. Da ya tashi, aka ce kun gani, ya sake shi. Ku gaya mini ta wace ƙofa mutum zai fita daga irin wannan ɗaki? An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta garinmu ta yi 'ya'ya, ga ni ina rainon jikokinta.

Wa zai miƙa wa maye kansa a auna? Allura ta kwanta. Ya ɗauki huluna zuwa kasuwar Makarfi, labari ya riga shi isa. Ni kuma wanda ke nemana ya daina zuwa zance, domin an ce maita a nono ake shanta, kuma nono ɗaya muka sha. Sai can Kudan aka samu mai karɓata, wurin dangin wata gwaggonmu. Yaya ya ƙare a ƙodago, wurin masu matsar rake suna mazarƙwaila, yana kora dokin da ke juya injin. Wuni guda doki na zana zobe a gabansa. An ce ko sau ɗaya ba a ga ya sunkuya ya auna ba. Tari ya kama shi a nan, shi ya tafi da shi.

Sau ɗaya ya zo Kudan, bayan na haihu. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, mu ce Ladi. Na fito da ita zaure na miƙa masa. Sai ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su. Ya ce, "Riƙe ta dai, Auta, ina ganinta daga nan. Kada wani ya ce na taɓa ta." Ya daɗe yana kallon kanta. Na san idon nan, awo yake yi. Ruwan da na kawo ma bai sha a ƙwaryar gidan ba, ya ce a zuba masa a tafin hannu.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya na je ganin Inna, wadda tun ranar nan ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Ina zaune gindin zana sai na ji muryar Ɗanlami. Ya zama saurayi, yana babbar firamare. Na leƙa ta ɓular nan dai. Yana riƙe da kwano da zare, yana nuna wa ubansa darasin da aka koya musu. Ya zagaya, ya shimfiɗa, ya ce, "Baba, ka ga sau uku da ɗan saura? Malaminmu ya ce ashirin da biyu bisa bakwai ne, sunansa fai, kuma lissafinsa ba ya ƙarewa. Wanda bai haddace ba bulala." Tanko ya riƙe haɓa ya ce, "Kai, Nasara da ilimi yake!" A tsakar gidan nan. Daidai inda aka kwantar da shi a tabarma aka tsallaka shi.

Me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani? Yau ana dukan yara don ba su san abin da aka tuɓe shi saboda ya sani ba. Zare a hannun mai wando da takalmi ilimi ne, a hannun maɗinkin hula maita. Na so in ce zai yi fushi, amma na san shi. Da tsallaka zanar zai yi ya ce, "Ɗanlami, da gaske ya ce ba ya ƙarewa?" Ya sami amsar da ya nema har ya rasa mutuncinsa, a bakin yaron da aka ce ya kama wa kurwa. Fushin nawa ne, kuma ba ni da niyyar ajiye shi. Ba wanda ya zo ya ce da Inna ta yi haƙuri. Malamin unguwarmu kuwa yana nan yana jan salla.

Ni dai tsorona Ladi. Shekararta shida. Ban taɓa ba ta labarin kawunta ba, ban taɓa auna komai a gabanta ba. Rannan ina kaɗi, ta tsinki abawa ta zagaya faifai, ta shimfiɗa ta tsakiya tana ƙirgawa da yatsa. Surukata na bakin murhu, ta gani. Ta ce, "'Yar nan, mun rufa miki asiri shekara da shekaru. Ki raba yarinyar nan da zare tun kafin idon gari ya kai kanta. Ɗan Hanne maƙwabciyarmu na kwance da ƙyanda, kin san bakin mata." Na ce, "To, Inna." Ba mugunta take yi ba, gaskiyar garin ta faɗa. Tun ranar duk yaron da ya yi atishawa a unguwa sai gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani zabura yake.

Na kwana ina juya abin. In na ƙwace zaren, na yarda da Tanko ke nan, na ce yayana maye ne. In na bar mata a tsakar gida, wata rana a jawo ta a ce ta tsallaka ɗan wani. Hanya ɗaya na gani. Duk shekara ana zuwa ɗibar yara makaranta, matan unguwarmu na ɓoye 'ya'yansu mata a rumbu da bayan tulu. Ni bana da hannuna zan miƙa tawa. Na gaya wa maigidana, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Surukata ta daina amsa gaisuwata, zan jure. Ba don na yarda makaranta ta fi gida tarbiyya ba. Na dai ga cewa a ƙasar nan gaskiya ba ta tsira sai tana da allo a bango da mai albashi tsaye a gabanta. In dole sai 'yata ta riƙe zare, ta riƙe shi a inda ba mai tuɓe ta.

Me ya rage na Yaya Habu? Zaruruwan an ƙone su tun a ranar. Hulunan da ya ɗinka, masu su sun jefar. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, kabarinsa ma ban san wanne ne ba. An auna shi da mudun gari an ce ya ƙare cif. Amma jiya Ladi ta zo da faifan nan, murya ƙasa-ƙasa don kada kakarta ta ji, ta nuna mini guntun da ya rage bayan ukun, ta ce, "Iya, wannan fa? Kullum sai ya ragu."

Na dubi ƙofa, na dubi zana. Sannan na faɗa da ƙarfi yadda har na bakin murhu za su ji: "Sunansa gyara. Kawunki Habu ne ya sa masa. Kawo in riƙe miki bakin zaren."