Irin da Kaka Ya Cinye

Ina cikin ɗaure wa Habu kayansa sai ga kakan maigidana ya dogaro sanda ya shigo.

Habu maraya ne, ɗan riƙon gidanmu. Ya girma, gobe za shi garin Isa neman na kansa.

"Amaryata, mi kunka ba yaron nan?"

Na ce, "Tufafi da kuɗin mota, angona. A littattafan da nake karantawa ma haka maraya ke fita, ya dawo Alhaji."

Ya ja tsaki. "Ke da littattafanki! Ni da za ni bar gidan riƙo a Tsamaye, zamanin Nasara, damin gero anka ba ni, wai iri. Ba a ba ni gona ba. Kafin ruwa ya sauka na cinye shi tas, na koma ƙwadago gonar wasu."

Tun ɗazu na kasa zama, sai leƙen zaure nake. Maigida yana da gonar da ya bari ba noma a hanyar Alƙalawa. Yana shigowa za ni roƙa wa Habu ita, ko da zai ce na cika mafarki.

'Yan uwa da kuka taɓa riƙo, da me kuka sallami naku?