Anti Makulli da Kiran da Ba Ita Ta Sa A Yi Ba

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitinmu, Anti Makulli ta riga ta iso. Ba ofishinta take fara nufa ba. Sai ta bi tebur-tebur a sashen adana bayanan marasa lafiya, hannu a baya, tana leƙa kwandon shara, tana jan durowa ta ji ko a kulle take. In ta tarar an manta da sakamakon gwajin wani a bakin injin buga takardu, ba ta faɗa. Kifa shi take yi, ta tsaya a kansa har mai laifin ya zo ya same ta. Wanda ya taɓa samun ta tsaye haka ba ya ƙara mantuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin awon masu ciki, shekara da shekaru ina kallon wannan zagaye.

Aikinta horar da masu neman ƙwarewa a kare bayanan jama'a: wa ya halatta ya ga me, yaushe ake lalata tsohuwar takarda, me doka ta ce in sirrin mutum ya fita. Ɗalibanta yau suna bankuna da makarantu da kamfanonin waya. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma na rantse ba za ta fice shiru yadda take so ba.

Tana da wata dabara da ɗalibai ke tsoro fiye da jarrabawa. Ƙaninta tela ne, Allah ya hore masa iya marairaicewa. Sai ta sa shi ya bugo wayar sashen, yau shi ne mijin wance, gobe kawunta, yana roƙon a gaya masa ko an kwantar da ita. Ɗalibin da ya saki baki, Anti ba ta zaginsa. Ɗakin jira take kai shi, ta zaunar da shi cikin marasa lafiya, ta ce, "Kalle su da kyau. Wanne daga ciki ka bayar ɗazu?"

Cikin waɗanda suka sha zaman bencin nan akwai wata da muke kira Rediyo, tsohuwar mai buga takardu da ta zo sauya sana'a. Zuciya gare ta mai kyau, sai dai baki ba birki. Telan na fara rawar murya, ita kuma ta fara zuba.

A lokacin akwai wata mai ciki da ke zuwa awo wurinmu. Abin da ta yarje min kawai zan faɗa. Ta gudo daga hannun mijin da ya kusa kashe ta da duka, ta ɓuya a gidan wata gwaggonta. Ni na ga tabon a bayanta. Roƙonta ɗaya: kada kowa ya san ranar da take zuwa, don in ya sani, a bakin ƙofa zai tsare ta.

Wata safiya waya ta yi ƙara, Rediyo ta ɗauka. Namiji ne yana kuka. Ya ce shi yayan matar ne, mahaifiyarsu na kwance rai a hannun Allah tana kiran sunanta, wayarta kuma a kashe. Ba ya neman komai, a gaya masa ranar awonta kawai ya zo ya ɗauke ta.

Rediyo ta danne dariya. A ranta ta ce, yau kam tela ba ka samu ba. Ta gyara murya ta ce, "Malam, Allah ya ba Mama lafiya. Amma ba zan iya ce maka muna da mai wannan suna ko ba mu da ita ba. Bar lambarka." Ya roƙa, ya yi rantsuwa, daga ƙarshe ya zage ta tas ya kashe.

Da rawar jiki ta faɗa ofishin Anti, ina ciki na kawo saƙo. "Anti, na tsallake! Amma gaskiya ƙaninki ya ƙara ƙwarewa, yau har da zagi."

Anti ta ajiye biro a hankali. "Ƙanina ba ya zagi. Kuma ban sa kowa ya kira ba."

Ban taɓa ganin ta tana sauri ba sai ran nan. Kafin azahar ta sanar da shugaban asibiti, an sauya wa matar ranar awo, an ja kunnen masu gadi, ni kuma aka ce in kira matar. Na gaya mata abin da mai kiran ya faɗa. Sai ta ce, "Sista, ni ce babba a gidanmu, ba ni da yaya. Mamanmu kuwa ta rasu tun ina ƙarama." Daga baya maigadi ya shaida cewa wani mutum ya yi ta zaman dako a tsallaken titi yana duban duk mai cikin da ta sauko daga mota, har ya gaji ya daina zuwa. Ita ta ƙofar baya muke shigo da ita.

Rediyo kuwa zama ta yi a ƙasa tana kuka. "Wallahi Anti, da na san da gaske ne, da na gaya masa. Kukan nan sai ya karya min zuciya."

Anti ta dafa kafaɗarta. "Na sani, 'yar nan. Shi ya sa nake sa a dame ku da kira, don bakinku ya saba kafin tausayi ya rinjaye ku."

Har yau in na tuna, tsikar jikina tashi take. Anti, ke ce kika tsare ƙofar da ba ki tsaya a bakinta ba. Ke ce kika zauna kika yi tunanin maƙaryacin da bai riga ya kira ba, kika shirya masa amsa a bakin mutumin da ya fi kowa surutu a asibitin nan. Mu muna ɗaure rauni bayan an ji shi, ke kin hana a ji.

Matar ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace. Na so in kawo ta ofis ta ga wadda ta yi mata wannan rana, Anti ta hana. Ta ce, "Ta san ni ta yi me? Ni ma da an bi ƙa'ida, bai kamata in san labarinta ba. Ki ce ina yi mata barka."

Mun gode, Anti Makulli. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na bayinsa, ya sa ki huta cikin lafiya. Ku kuma da ke riƙe da lambar wani, ko adireshinsa, ko labarin ciwonsa, a ofis ne ko a wayar hannunku, in an zo muku da kuka ana nema, ku ce bari ku tambayi mai shi tukuna. Akwai yarinyar da ke koyon tafiya a tsakar gidan gwaggo yanzu haka, mahaifiyarta na riƙe da hannunta, saboda an ƙi faɗin rana ɗaya.