Koren Filas a Siton Dogarawa

Ni ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubutawa. Na ce mata in kuka ya tsayar da ni ta jira.

Sama da shekara talatin muna da shago a kasuwar Sabon Gari, ni da maigidana, muna sayar da kwanuka da kuloli da filas. Shi yake kai wa mutane kaya a babur har Samaru. Da Ubangiji ya kira shi, aka rasa mai kaiwa. 'Yata ta sa hotunan kayan a waya, mutane suka fara saye ba tare da sun zo ba. Sai ta shirya da wani kamfani mai sito a Dogarawa, su ajiye kayan, su kai wa duk wanda ya yi oda. A shago aka bar mini ɗaya-ɗaya na nunawa.

Ranar da suka zo kwasa ina coci wajen zumuntar mata. Suka haɗa har da filas ɗin maigidana, wani tsohon kore mai lotsattsen murfi, wanda yake shan kunun tsamiya a ciki. A cikin sababbin yake ajiye shi, ni ma can na bar shi. Tun rasuwarsa ban wanke ba. Kowace safiya nakan buɗe in shinshina.

Da na dawo na tarar ba ya nan, sai na tafi Dogarawa. Manajan ya yi mini gaisuwa sosai, ya nuna mini kwalin can sama.

Ya ce, "Mama, kaya ba ya fita sai da oda."

Na ce, "Ɗana, kayana ne fa."

"Naki ne, shi ya sa muke tsare miki. In muka buɗe haka kawai, kwamfuta za ta ce an yi sata."

"Wa ya yi satar?"

"Ke, Mama."

Koraye goma sha biyu ne a kwalin, kuma a wurin kwamfuta duk ɗaya suke. 'Yata ta yi odar guda. Ɗan aikensu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kawo shago, ya ɗauke ni hoto ina riƙe da shi don shaida. Na buɗe, sabo fil. Na fashe da kuka, na ce ya mayar.

Ya ce, "Mene ne dalili? Sai na danna a waya."

Na ce, "Sabo ne."

Ya duba, ya duba, ya ce babu wannan a cikin dalilan da ke wayar. Ya danna cewa launin bai yi mini ba. Kashegari muka sake oda, aka kawo mini wanda na mayar, don shi ne a sama. Daga nan muka daina mayarwa, muna tarawa. Maƙwabciyata mai sayar da robobi ta ce, "Mama, ke ke sayarwa, ke ke saye, kasuwa ta buɗe!" Kamfanin ma suka bugo suna taya mu murna, wai koren filas yana tafiya, mu saro ƙari.

Muna kan na bakwai sai wata malama a Samaru ta turo wa 'yata hoto da faɗa, wai an kawo mata tsohon kaya. Ina ganin murfin na gane. Na hau mota ko takalmi ban sake ba. Da na isa ta ce dattijon bai daɗe da karɓa ba, ashe mun yi saɓani a hanya, wajen Kwangila.

Ta ce, "Ai don kada ya sa musu tsami a kaya, sai da na wanke shi tas da sabulu da ruwan zafi."

Na zauna a bakin ƙofarta. Da ta ji labarin ita ma ta zauna, muka yi kukan tare.

Bayan kwana uku dattijon ya kawo shi ba oda, don siton ba ya ajiye lalataccen kaya. An liƙa masa jar takarda. Ya ce, "Yi haƙuri, Mama, ɗaga shi sama kaɗan." Na ɗaga, ya ɗauki hotonsa.

Na buɗe, ƙamshin sabulu kawai. Yanzu kullum ina dama kunun tsamiya in zuba, in bari ya wuni a ciki, ko tsohon ƙamshin zai dawo. 'Yata ta ce zai ɗauki lokaci. Yau wata biyu ke nan.