Ƙusa biyu a bangon ƙasa



Ɗazu bayan la'asar ina falo ina kallon fim, 'yata Hanan mai wata huɗu tana barci a katifa ƙarƙashin talabijin, don nan fanka ta fi kaiwa. A samanta akwai sifikar tsakiya, wadda ke fito da muryar masu magana. Mai nauyi na zaɓo a Zariya, wai ta fi sauti, na rataye ta da ƙusa biyu.

Gidanmu na Makarfi ginin ƙasa ne, filastar siminti kawai aka yi masa. Ga damina, bango ya sha ruwa.

Inna, mahaifiyata, ta shigo da kwanon dafaffiyar masara, sai ta tsaya tana duban jaririyar.

"Kai, ƙasar da ke kan zanen yarinyar nan daga ina take zubowa?"

"Ƙila ƙura ce, Inna."

"Ƙura da danshi?"

Na ɗaga kai. Duk bugun ganga a fim ɗin, sai ƙasa ta zubo daga ramin ƙusa. Ƙusa ɗaya ta riga ta fito rabi. Wallahi ko tashi ban kai ga yi ba. Inna ce ta yar da kwanon ta fizge yarinyar.

Ko juyowa ba ta gama yi ba, sifikar ta faɗo daidai inda kan Hanan yake. Katifar ta lotsa.

Masu ginin ƙasa, da me kuke kafe kayanku a bango? Kafin ku ba ni amsa, ku ɗaga kai ku duba abin da ke saman 'ya'yanku.