Ranar da Na Kasa Tayar da Baƙon Japan

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da abin da ya same ni a harabar ofishinmu na aikin gona da ke Sama Road ba.

A shekarar aka ce wani dattijo masanin shinkafa zai zo daga Japan, ba ya jin Turanci sosai. Ni da bakina na ce zan yi tafinta. Shugabanmu ya ce in na fitar da shi kunya, sunana zai tura kwas can ƙasar. Wata uku ina fama da wani littafin koyon Japananci da aka rubuta da Turanci. Babin da na fi haddacewa shi ne na hawa da tashi. Fitowar rana da hawan dutse noboru ne, tashin farashi agaru, tashi daga barci okiru. Har matata ta fara tambaya ko lafiya.

Ranar da ya iso na sha shadda mai sitaci, ina tafe gefen baƙo. Cikin manoman da suka zo tarbarsa har da kawuna, yayan mahaifiyata. Maimakon in durƙusa, ɗaga masa hannu kawai na yi na wuce, wai ni ina bakin aiki.

Kawu ya matso ya durƙusa ya gaida baƙo, yadda ake gaida manya. Baƙo ya ga mai furfura a ƙasa, sai shi ma ya zube bisa gwiwoyinsa ya sunkuyar da kai. A wajensu, ba ka riga wanda kake girmamawa ɗagowa. A wajenmu kuwa, sai babba ya ce ka tashi. Kowa ya zauna jiran kowa, a kan siminti, da rana tsaka, a watan Afrilu, a Sakkwato.

Shugaba ya matso kunnena. "Kai, hwaɗa ma baƙo shi tashi mana!"

Na laluba kaina. Zan iya fito da rana, zan iya tayar da farashin gero. Kalmar miƙewa ɗaya da na tuna ta umarni ce, littafin kuma ya ce ba a faɗa wa babba ita. Na yi tsaye kamar turken awaki. Gumi na ɗiga daga hancin baƙo.

"Wata ukku kana karatun mi?" in ji shugaba.

Wallahi tsoro ya kama ni, na ga kwas yana wucewa. Da dabara ta ƙare, sai na tattare shaddar nan na durƙusa a tsakaninsu. Na kama hannun Kawu da dama, na baƙo da hagu, na ce bismillah, muka miƙe tare. Baƙo ya karkaɗe wandonsa kamar ba a yi komai ba.

Kwas dai wani aka tura. Wannan ya yi mini ciwo, amma bai kai maganar Kawu ba. Da zai tafi, ya dubi ƙurar da ke gwiwata ya ce, "Ashe tana lanƙwasuwa. Na ɗauka ta mutanen Japan ɗai ka yi."

Kunyar da na ji har yau ba ta sake ni ba. Littafin yana nan, ban ƙara buɗe shi ba. Abin da na koya ran nan ba ya ciki: ba ka tayar da mutum kana tsaye a kansa, sai ka fara sauka inda yake.